Mikel Obi: Shin da gaske Mourinho ne ya kashe mana lamba goma?

Kwanan baya da dare ina zaune a teburin mai shayi a Gawon Nama cikin garin Sakkwato, ana ta maganar rashin ɗan tsakiya mai raba ƙwallo a tawagar Super Eagles, sai wani ɗan kabu-kabu ya dire kofinsa ya ce, "Ku bar batun ga. Da ba a ɓata muna Mikel ba, da yanzu da Messi aka gwada shi. Mourinho na yak kashe yaron ga." Wani dattijo da ke gefen benci, wanda ya taka leda a filin Giginya a zamanin ƙuruciyarsa, ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, wanda anka kashe ba shi ɗaukar kofin Zakarun Turai." Daga nan majalisa ta rabu biyu, har mai shayi ya fara kwashe kwanoni ba a daidaita ba.

Tun ranar 27 ga Satumban 2022 John Mikel Obi ya sanar da cewa ya rataye takalmansa, amma wannan gardama, ta cewa Mourinho, kocinsa na farko a Chelsea, ya cire shi daga lamba goma, gurbin mai raba ƙwallo a bayan 'yan gaba, ya mayar da shi ɗan tsakiya mai tsaron baya, ta ƙi mutuwa, daga Mabera har Arkilla. Na daɗe ina cikin masu cewa an kashe shi. Yanzu ra'ayina ya sauya, kodayake ban koma ɓangaren dattijon gaba ɗaya ba. An yi asara, wannan ba na musu. Abin da nake so a tantance shi ne wa ya yi asarar, yaushe ta fara, kuma me aka samu a madadinta.

Sai an koma 2005 kafin a gane zafin da mutane ke ji. A shekarar aka yi gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a Holand, Samson Siasia ne kocin Flying Eagles. Mikel, haifaffen Jos ranar 22 ga Afrilun 1987, yana da shekara 18, ya taso ta makarantar ƙwallo ta Pepsi da Plateau United. Najeriya ta fitar da masu masaukin baƙi a bugun fenariti, 10 da 9, ta lallasa Maroko 3 da nema, sannan ta haɗu da Ajantina a wasan ƙarshe a birnin Utrecht ranar 2 ga Yuli. Mu a unguwarmu an fito da talabijin ƙofar gida an ɗora a kan turmi da katako, janareta yana ta ƙara a bayan zaure, yara a kan tabarma, manya a tsaye. Messi ya ci biyu, duka a fenariti, Chinedu Ogbuke ya rama ɗaya da ka. Mun kwana da baƙin ciki, amma da wani irin alfahari, domin da aka zo raba kyaututtuka Messi ya karɓi ƙwallon zinare, Mikel ya karɓi na azurfa, Taye Taiwo na tagulla.

Wanda bai ga Mikel na wannan gasa ba ba zai fahimci masu kuka ba. Dogo ne, ƙwallo na manne a ƙafarsa, yana juya bayansa ga abokin hamayya ya kare ta kamar kaza da 'ya'yanta, sannan ya ɗaga kai ya aika fas mai nisa ta sauka daidai ƙafar mai gudu. Ba ya gaggawa. Okocha yana gab da barin tawagar ƙasa, kowa ya ce ga magaji Allah ya kawo.

Amma akwai abin da masu ba da labarin 2005 suke tsallakewa, kuma a ganina shi ne mabuɗin dukan zancen. A bayan Mikel a wannan tawaga akwai Sani Kaita. Kaita ne ke tare hanya, shi ke ƙwato ƙwallo, shi ke shan shuri da gwiwa, ya miƙa wa Mikel ita a wanke. Kwanciyar hankalin da muka gani a wasan Mikel, rabinta daga ƙafafun Kaita ta fito. Ku riƙe wannan, domin aikin da Kaita ya yi masa shi ne ainihin aikin da shi Mikel zai shafe shekara goma yana yi wa wasu a Landan.

Kafin ma a je Holand rikici ya riga ya fara. Mikel yana ƙungiyar Lyn ta birnin Oslo a Norwe. A ƙarshen Afrilun 2005, 'yan kwanaki bayan ya cika 18, Manchester United ta sanar da cewa ta saye shi, har aka nuna shi a taron manema labarai sanye da jar riga. Chelsea ta ce ba ta yarda ba, ita ce ta fara yarjejeniya da wakilansa, kuma da hannunta a zuwansa Turai tun farko. Yaro ya ɓace daga Norwe ya ɓulla a Landan, ya ce matsa masa aka yi ya sa hannu ba tare da wakilinsa ba, shi Chelsea yake so. Mataimakin kocin United Ferguson, Carlos Queiroz, ya fito ya zargi Chelsea da sace shi. Magana ta je har FIFA. Sai a watan Yunin 2006 aka sasanta: Chelsea ta biya fam miliyan 16, United ta karɓi 12, Lyn ta karɓi 4. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. United ta kwashi miliyan 12 a kan ɗan wasan da bai taɓa buga mata ko minti ɗaya ba. Daga baya, a 2008, wata kotu a Norwe ta samu daraktan Lyn, Morgan Andersen, da laifin ƙirƙirar takardun bogi a kan kwantiragin Mikel.

Abin da ya fi damuna a wannan labari shekarar da ta salwanta ce. Tsakanin 18 da 19, lokacin da ɗan wasa ke gina kansa, yake gwada abubuwa, yake kuskure ana yafe masa, Mikel yana hannun lauyoyi da dillalai. Wasannin lig da ya buga wa Lyn gaba ɗaya ba su kai goma ba. A daidai wannan shekarar Messi yana Barcelona, gidan da ya rene shi tun yana ɗan 13, kusa da Ronaldinho da Xavi da Deco, ana saka shi a hankali, ana gina ƙungiya da tunanin gobensa. Ɗan azurfa kuwa ba shi da gidan da ya san shi. Idan ana neman inda aka fara tauye yaron 2005, to tun kafin ya gaisa da Mourinho ne.

Da ya isa Stamford Bridge, filin Chelsea, kuma, me ya tarar? Frank Lampard na nan, mutumin da zai zama wanda ya fi kowa ci wa Chelsea ƙwallo a tarihi, guda 211. Michael Ballack, kyaftin ɗin Jamus, ya iso a bazarar da Mikel ya zo. Michael Essien na kan ganiyarsa. Claude Makelele na riƙe da gindin tsakiya, sai dai shekarunsa sun haura 33. Ɗan shekara 19 da bai buga cikakkiyar kaka ko ɗaya a Turai ba, wa zai ture a cikin waɗannan? Ƙofa ɗaya ce a buɗe, ta gadon Makelele. Mourinho ya dubi tsayinsa, da ƙarfin jikinsa, da yadda ba a ƙwace ƙwallo a ƙafarsa, ya ce nan za ka zauna. Tsarin Mourinho ma a lokacin ba ya tafiya da lamba goma irin wanda muke so, mai yawo inda ya ga dama. Kowa da gurbinsa, kowa da aikinsa.

Farkon bai yi daɗi ba. Ranar da aka fara sa shi cikin sha ɗayan farko a gasar Firimiya, da Reading a Oktoban 2006, wasan da aka fasa wa Petr Cech kai, jan kati aka ba shi. A wasan ƙarshe na kofin League da Arsenal a Fabrairun 2007 ma an kore shi tare da Kolo Toure da Adebayor bayan wata hatsaniya. Yana koyon shiga ƙafa ne da girmansa, abin da ba a taɓa nema a wurinsa ba. Makelele ya tafi PSG a 2008, gurbi ya zama nasa.

To mene ne aikin nan da ake rainawa? Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin kiɗan kalangu ya san akwai yaron da ke gefe da ɗan ƙaramin kuntuku. Ba shi ake kallo ba, ba a yi masa liƙi, bugu ɗaya yake maimaitawa tun farkon wasa har ƙarshe. Amma ya tsaya na ɗan lokaci ka ji yadda kiɗan zai watse, mai kalangu ya rasa inda zai dawo bayan ya yi salo. Ɗan tsakiya mai tsaron baya haka yake. Idan Lampard ya ruga cikin da'irar abokan hamayya, Ashley Cole ya haura ta hagu, Bosingwa ko Ivanovic ya haura ta dama, to an bar masu tsaron baya biyu a fili. Ƙwallo na kuɓucewa, wanda zai tsaya tsakanin su da mutum uku masu gudu shi ne Mikel. Ba lallai ya ƙwace ba. Wani lokaci ya isa ya tsaya a kan layin da fas za ta bi, ya tilasta wa mai ƙwallo ya kai ta gefe, ya jinkirta shi daƙiƙa uku har 'yan uwa su dawo. Kyamara ba ta bin wannan, tana bin ƙwallo ne. Shi ya sa a gidan kallo za ka ji ana cewa, "Mi shika yi cikin fili in ba fas ɗin baya ba?"

Ita kanta fas ɗin bayan tana da dalili. Wanda ke tsaye gaban masu tsaron baya, idan ya yi gangancin yanka ya rasa ƙwallo, babu kowa a bayansa sai Terry da gola. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. An hore shi ya karɓa, ya kare, ya miƙa wa na kusa, ya koma gurbinsa. A kakar 2009/2010 Chelsea ta Ancelotti ta zura ƙwallo 103 a gasar Firimiya ta ɗauki kofi, Mikel bai ci ko ɗaya a ciki ba, amma mafi yawan kakar shi ne a gindin tsakiya har rauni a gwiwa ya tsayar da shi, raunin da ya hana shi zuwa gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu.

Duk da haka masu suka ba mahaukata ba ne, kuma ba zan ɓoye abin da suke da gaskiya a kai ba. Wasa 372 ya buga wa Chelsea, ƙwallo 6 ya ci. Sai a Satumban 2013, a wasa da Fulham, ya ci ƙwallonsa ta farko a Firimiya, bayan shekara bakwai. Akwai masu irin gurbinsa a zamaninsa, su Xabi Alonso da Pirlo da Busquets, waɗanda daga can baya suke tsaga layin abokan hamayya da fas ɗaya. Mikel yana da wannan ƙafar, mun gani a 2005, amma a Chelsea sau da yawa yakan ga hanya a buɗe ya zaɓi ta kusa. Tsoron kuskure ya zauna masa a jiki. Ba shi da saurin gudu kuma, idan aka wuce shi ya wuce. Na sha jin haushinsa a wasannin da Chelsea ke neman ci, lokaci na ƙurewa, shi kuwa yana juya ƙwallo gefe kamar ana gaba da ci biyu.

Sai dai Mourinho ya bar Chelsea a Satumban 2007, shekara ɗaya da 'yan watanni bayan zuwan Mikel. Bayansa aka yi Grant, Scolari, Hiddink, Ancelotti, Villas-Boas, Di Matteo, Benitez. Ɗan Brazil, ɗan Holand, 'yan Italiya, ɗan Sifaniya, kowa da irin tunaninsa. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya dube shi ya ce a mayar da shi lamba goma, kuma kusan dukansu sun ci gaba da sa shi a inda suka same shi. A ƙungiyar da mai ita a lokacin, Abramovich, ke korar koci kamar canza riga, ake sayen sabon ɗan tsakiya kusan kowace bazara, mutum ya shekara goma da rabi. Wannan ba ya faruwa da alfarma. Mourinhon da ake zargi ma, da ya dawo a 2013, shi ne ya sayo Nemanja Matic a Janairun 2014 ya ajiye Mikel a benci.

Daren da ya sauya mini tunani shi ne 19 ga Mayun 2012. Zafin Sakkwato na watan Mayu, gidan kallo na kwano a Mabera, fanka biyu suna juya iska mai zafi, mutane sun cika har bakin ƙofa, masu pure water suna miƙowa ta taga. Chelsea da Bayern, a filin Bayern ɗin kanta a Munich. An dakatar da Terry, da Ivanovic, da Ramires, da Meireles. David Luiz da Cahill sun dawo daga jinya ne aka jefa su. Kusa da ni akwai wani malamin firamare, ɗan Manchester ne ma, da wasa ya yi nisa sai ya taɓa ni ya ce, "Malam, bar kallon ƙwallo, dubi lamba goma sha biyu." Na bi shawararsa na minti goma. Duk inda Kroos ko Müller ya nemi shiga tsakiya, Mikel ya riga shi isa. Robben ya yanko ciki da ƙafar hagu kamar yadda ya saba, ya tarar da shi a tsaye. Idan Chelsea ta samu ƙwallo kuma kowa na haki, shi ake ba, ya riƙe ta, a ture shi ya ƙi faɗuwa, ya samo bugun tazara ko ya miƙa wa Lampard. Bayern ta yi bugun kusurwa 20, Chelsea ɗaya tak, kuma da ɗayan nan Drogba ya farke ƙwallon Müller a minti na 88. Cech ya kama fenaritin Robben a ƙarin lokaci. Minti 120 Mikel ya yi a fili ba a canza shi ba, Chelsea ta ɗauka 4 da 3 a bugun fenariti. Washegari hoton Drogba ne a ko'ina, kuma ya cancanta. Tun Kanu da Finidi George a Ajax a 1995, babu ɗan Najeriyar da ya buga wasan ƙarshe ya ɗaga wannan kofi sai Mikel a daren nan.

Idan aka juyo gida labarin ya fi rikitarwa, kuma a nan ne nake ganin ainihin asarar take. Najeriya ba ta taɓa daina neman Mikel na 2005 ba. Ya fara buga wa babbar tawaga a 2005, ya je gasar Kofin Afirka ta 2006 a Masar, ya shigo daga benci a wasa da Zimbabwe ya ci ƙwallo, aka ƙare a matsayi na uku. Okocha ya yi sallama, daga baya aka miƙa wa Mikel riga lamba goma. Wato mutum ya shafe wata tara a Landan ana cewa kada ka kuskura ka haura, sai ya sauka a Abuja a ce masa kai ne Okocha, ka yanka, ka raba, ka ci. Kwana uku na atisaye ba sa goge horon shekara. Da bai yi ba sai aka ce ba ya kishin ƙasa, yana tsoron rauni saboda fam ɗin Chelsea. A 2012 ma ko gasar Afirka ba mu je ba.

Abin lura shi ne duk lokacin da ya yi fice a rigar Najeriya, akwai wani Kaita a kusa da shi. A gasar Kofin Afirka ta 2013 koci Stephen Keshi ya gane haka bayan an yi ta canjaras a rukuni, ɗaya da ɗaya da Burkina Faso, ɗaya da ɗaya da Zambiya, wasan da Mikel ya ɓarar da fenariti sannan ya ba Emenike fas ɗin da ya ci. Keshi ya kafa Ogenyi Onazi a gefensa, yaro mai gudu kamar ba ya gajiya, ya sa Sunday Mba a gabansu. Mikel ya samu abin da ya fi dacewa da shi: ba lamba goma ba, ba kuma mai gadi shi kaɗai ba, mai riƙe linzamin wasa daga tsakiya. A wasan kusa da na kusa da na ƙarshe da Kwaddibuwa, wadda kowa ya ba kofi saboda Drogba da Yaya Toure da Gervinho, Mikel ya hana Yaya sakat, aka ci su 2 da 1. Aka zuba wa Mali 4 da 1, Ahmed Musa na cikin masu ci. Ranar 10 ga Fabrairu a Johannesburg Mba ya ci Burkina Faso ƙwallo ɗaya, kofi ya dawo bayan shekara 19. An sa Mikel cikin gwanayen gasar, kuma a zaɓen gwarzon Afirka na shekarar ya zo na biyu bayan Yaya. A bazarar nan a gasar Confederations a Brazil ya ci Uruguay wata ƙwallo, ya yanke mai tsaron baya ya lanƙwasa ta da ƙafar hagu, wadda ta sa majalisu suka sake tashi: kun gani, ashe yana nan.

Eh, yana nan, amma ba kullum ba, kuma ba a kowane gurbi ba. Gasar cin kofin duniya ta 2018 ta nuna haka ƙarara cikin kwana shida. Koci Gernot Rohr ya sa shi lamba goma a bayan Ighalo a wasa da Kuroshiya, Modric da Rakitic suka shafe shi, aka ci mu 2 da nema. A wasa da Iceland aka janyo shi baya, Ndidi da Etebo suna gudu a gefensa, wasa ya zauna, Ahmed Musa ya ci biyu. Mutum ɗaya ne, ƙafa ɗaya, gurbi ne ya bambanta.

Saboda haka idan ɗan kabu-kabun nan ya sake tambayata, zan ce masa Mikel bai yi asara ba. Ya samu Firimiya biyu, kofunan FA, Zakarun Turai, Europa, da shekara goma a sahun gaba na ƙwallon duniya. Da an bar shi a lamba goma, rashin saurinsa da ƙarancin cin ƙwallonsa za su iya kai shi wata matsakaiciyar ƙungiya a Faransa ko Turkiyya, yana burge mu a faifan bidiyo ba tare da kofi ba. Cikin abokansa na 2005 nawa ne suka kai inda ya kai? Najeriya ce ta yi asara, ita ce ke buƙatar mai raba ƙwallo, kuma ita ce ba ta da inda za ta rene shi. Chelsea ta biya miliyan 16 ta sassaƙa shi daidai buƙatarta. Mu da muka bari yaro ɗan 17 ya bar Jos a hannun dillalai, ba tare da lig ɗin gida mai riƙe shi ko hukuma mai bin sawunsa ba, ba mu da bakin cewa ga yadda za a sassaƙa shi.

Batun rashin kishin ƙasa kuwa, 2016 ta amsa shi. A farkon shekarar aka karɓi kyaftin daga hannun Ahmed Musa aka ba shi, abin da ya sosa ran da yawa daga cikinmu a Arewa, ni ma har da ni a lokacin. Sai ga wasannin Olympics na Rio. Tawagar Siasia ta maƙale a Atlanta saboda matsalar kuɗin jirgi, ba ta isa Manaus ba sai 'yan sa'o'i kafin wasa da Japan, ta kuma ci 5 da 4, Etebo ya zura huɗu. An ruwaito yadda Mikel ya riƙa sa hannu a aljihunsa yana biyan kuɗin da hukuma ya kamata ta biya. Ya ci Denmark ƙwallo, Jamus ta tare mu, sannan aka doke Honduras 3 da 2, Sadiq Umar biyu, Aminu Umar ɗaya. Tagullar nan ita ce lambar yabo ɗaya tilo da Najeriya ta samo a Rio. Abin da zuwa Rio ya jawo masa ya wuce na aljihu: Antonio Conte, sabon kocin Chelsea, bai sa shi ko wasa ɗaya ba bayan ya dawo, ga Kante ya iso. A Janairun 2017 ya tafi Tianjin TEDA a Chaina. Sauran tafiyar gajeru ne, Middlesbrough, Trabzonspor wadda ya rabu da ita a Maris ɗin 2020 bayan ya fito fili ya ce bai dace a ci gaba da wasa ana tsakiyar annobar korona ba, sai Stoke City, sai ɗan zama a Kuwait.

Akwai abu ɗaya da mu mutanen wannan yanki za mu fi kowa ganewa. Sau biyu aka sace mahaifinsa. Na farko a Jos a Agustan 2011, aka gano shi a Kano bayan kwana goma, kuma cikin kwanakin nan Mikel ya buga wa Chelsea wasa da Stoke. Na biyu ranar da za a kara da Ajantina a St Petersburg, 26 ga Yunin 2018. Kimanin awa huɗu kafin wasa aka kira shi aka ce an ɗauke dattijon a hanyar Makurɗi zuwa Inugu, kuma idan ya faɗa wa wani za a harbe shi. Bai gaya wa Rohr ba, bai gaya wa abokan wasansa ba. Ya ɗaura kambun kyaftin, hannunsa ɗaya a naɗe saboda karayar da ya samu a wasan Iceland, ya fito.

An take wasan ana shirin kiran Magariba a nan. Muka yi salla a gaggauce a bakin gidan kallo muka koma muka tarar Messi ya riga ya ci, Messin nan dai na Utrecht, bayan shekara 13. Moses ya farke da fenariti. Canjaras ya ishe mu mu wuce. Saura minti huɗu Rojo ya buga ta shiga. Na tuna abin da aka riƙa faɗa a kan Mikel muna fitowa, ana tada babura: ya tsufa, ya yi sanyi, jikinsa na fili hankalinsa na Chaina. Ni ma na faɗi nawa. A cikin masu maganar nan akwai mutanen Isa da Sabon Birni da Rabah, waɗanda a shekarun da suka biyo baya wasunsu suka san yadda ake zama da waya a hannu ana jiran kiran daji, ba ka iya cin abinci, ba ka iya haɗa sahu ba tare da zuciyarka ta tafi can ba. Mutumin ya yi minti 90 a gaban Messi da Banega da Mascherano a cikin wannan hali. Sai ranar 2 ga Yuli 'yan sanda suka kuɓutar da mahaifin nasa a jihar Inugu, sannan duniya ta ji.

Ya sake fitowa sau ɗaya, a gasar Kofin Afirka ta 2019. Gwiwa ta hana shi buga yawancin wasannin, Ndidi da Etebo suka riƙe tsakiya, aka zo na uku. A watan Yulin ya ajiye rigar ƙasa bayan wasa kusan 90 da ƙwallo 6, a Masar, ƙasar da ya fara buga gasar yana ɗan shekara 18.